Wanda Ke Kashe Mana Injin Ruwa

Tun da maigidana ya dawo daga horon nan na makarantar jikokinmu ban sake samun faɗa mai daɗi a gidana ba. Makarantar ce ta gayyaci iyaye da kakanni, wai za a nuna musu abin da ake koya wa yara: yadda mutum zai gane abin da ke cin ransa, ya kira shi da sunansa, ya iya zama da jama'a ba sai an kai ga cin kwala ba. Ni ban je ba, ina da kawunan mutane a gabana. Shi kuwa tun da ya yi ritaya daga duba tikiti a kamfanin bas ba shi da aiki sai neman inda ake taro. Ya je ya zauna a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, ya kwashe duk abin da malamar ta faɗa ya kawo mini gida.

Da can idan na yi masa magana a kan ya bar takalmi a bakin ƙofa, zai ce ai ni ma na bar ɗankwali a kan kujerarsa, in faɗa ya faɗa, mu gaji mu ci abinci. Yanzu kuwa sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ja numfashi kamar mai shirin nutso, ya dube ni da wata fuska irin ta likita, ya ce ya ji kamar raina a ɓace yake. To da me zai ji? Ina tsaye a kansa ina ɗaga murya, amma wai sai da aka tura shi makaranta kafin ya gano haka. Idan na ƙara, ya maimaita mini maganata don in tabbatar ya fahimta. Daga nan ya yi tambaya ya kama bakinsa yana jira, domin malamar ta ce musu in ka tambayi mutum ka ba shi fili, kar ka cike masa shirun. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai.

Da abin a ɗakinmu ya tsaya da sauƙi. Amma shi ne shugaban 'yan hayan gidanmu, kuma a lokacin gidan ya ɗauki zafi saboda Baba na Ƙasa.

Gidan bene ne, mu muna sama. Ruwan da ke zuwa daga titi ba shi da ƙarfin hawa, sai an kunna inji ya tura shi. Injin yana cikin wani kejin ƙarfe a tsakar gida, jingine da bangon ɗakin Baba, makunnin kuma a gefen ƙofarsa. Baba tsohon direban babbar mota ne, dogo, magana sai ta zama dole. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, sun riga kowa shiga gidan. Inna ta kwanta rashin lafiya tun bara. Mun yi ta sauka dubiya, kullum sai ya cika ƙofa da jikinsa ya ce tana barci, an gode. Da muka ga ba a so, muka koma aika gaisuwa daga nesa.

Sai kuma ya tsiro da kashe mana inji. Ba lokaci, ba dalili, ba sanarwa. Kana cikin wanka ka ji famfo ya yi tari ya ƙafe. In ka leƙo ta baranda ka yi magana, ko ɗaga kai ba zai yi ba. Can an jima, in ya ga dama, ya mayar. Ma'aikaciyar jinyar da ke kusa da mu ta taɓa dawowa daga aiki a gajiye, ta tsaya da kumfa a jiki har ta bushe. Matar tela tana da jariri, kullum baho cike da wanki. Ni kuwa ɗakin gaba na mayar shagon gyaran gashi, ruwa shi ne rabin sana'ata. Wata rana na shafa wa wata ma'aikaciyar banki man miƙar da gashi, irin wanda in ya wuce lokacinsa yake cin fata, na kai ta wurin wanki, na murɗa famfo, babu ko ɗigo. Da ruwan firiji na wanke mata kai tana kuka. Ta tafi da ƙuna a goshi, ba ta sake dawowa ba, kuma na san ta ba da labarina a ofishinsu.

Mun yi masa magana da lalama, mun yi da tsawa. Mai gyaran lantarki da ke ƙarshen baranda ya sa wa makunnin akwati da kwaɗo, washegari muka tarar da kwaɗon a ƙasa, Baba ya ɓalle shi da sifana. A nan haƙuri ya ƙare. Aka kai ƙara wurin wakilin mai gida, ya ce hayar tsohon za ta ƙare ƙarshen wata, in 'yan haya sun haɗa baki, shugabansu ya buga masa waya kawai, ba zai sabunta ba. Kowa ya yarda. Ni ce ta farko, ban ma bari an gama tambaya ba.

Shugaba kuwa ya ce ba zai kira kowa ba sai an saurari Baba. Na ce wata nawa muna sauraronsa, me ya ce? Ya ce tsawa muka yi masa, ba sauraro ba. Na ce to ya je ya saurari goshin matar bankin. Ya ja numfashi ya ce ya ji kamar abin ya taɓa mutuncina na sana'a. Na bar masa ɗakin kafin in yi abin da za a kira 'ya'yanmu.

Ya haɗa taro a tsakar gida da yamma. Ya jera kujeru a da'ira, ya shiga kicin ɗina ba izini ya ɗauko ludayin katako, wai wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai yi magana, saura su saurara. Manya da furfurarsu, ana miƙa musu ludayi. Kuma wai kar kowa ya ce Baba ya yi kaza, sai dai ya faɗi yadda shi yake ji. Matar tela ta karɓa ta ce tana jin Baba mugu ne. Shugaba ya ce wannan ba ji ba ne, hukunci ne. Ta ce to tana jin kamar ta kwaɗa wa wani ludayin nan. Ya ce yawwa, an fara zuwa. Mai lantarki ya faɗi nasa, ma'aikaciyar jinya ta faɗi nata, ni ma na zazzage abin da ke cikina tas.

Baba yana tsaye a bakin ƙofarsa, ya ƙi zama, rabin jikinsa a ciki. Da aka miƙa masa ludayin ko kallonsa bai yi ba. Maigidana ya tambaye shi me ke sa shi kashe injin, ya yi shirun nan nasa. Muka zauna kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da shirun ya yi tsawo maigidana ya ce, a hankali, ya ji kamar Baba yana ganin an taru a kansa.

"Ka ji daidai," in ji Baba. Ya shige ya rufe ƙofa.

Taro ya watse da tsaki. Aka gaya wa shugaba ko dai ya kira wakilin gobe, ko a nemi wani shugaban. A ɗaki ya zauna ya rafka tagumi, ya ce shi ya yi kuskure. Malamar ta gargaɗe su cewa ba a tambayar mutum ciwonsa a gaban taro, shi kuma ya manta saboda ɗokin da'irar. Ya ba ni tausayi kaɗan, amma ban nuna ba. Na ce ya mayar mini da ludayina inda ya ɗauko, kuma gobe ya yi wayar.

Washegari da hantsi ina wanke wa wata kai, kumfa ta rufe mata har kunne, famfo ya yi tarin nan nasa. Na ɗora mata tawul, na sauka bene hannuwana na zubar da kumfa, na ƙudurta yau sai na yi wa tsohon nan wankin babban bargo, in ya so ya tafi da shi sabon gidansa.

Ɗakunan ƙasa kicin ɗinsu a tsallaken tsakar gida yake. A can na same shi, tsaye a ƙofar kicin da 'yar tukunya a hannu.

Na ce, "Baba, don Allah me muka yi maka?"

Wannan buɗe taro ne kawai, sauran maganar tana nan cike da bakina. Sai wani mugun tunani ya zo mini. Na tuna yadda shirun maigidana ke dafa ni, na ce bari in ɗana wa tsohon nan shi ma ya ji in da daɗi. Na harɗe hannu a ƙirji, na zuba masa ido, na kama bakina. Ba don kirki na yi ba, don in ƙuntata masa na yi.

Ba ma ni yake kallo ba, kansa a karkace yake wajen ɗakinsa. Gidan ya yi tsit, babu inji, babu muryata. A cikin wannan shirun na ji wani abu siriri, kamar kukan 'yar kyanwa a bayan ƙofa. Ban gane ko mene ne ba sai da aka sake. Mutum ne ke kira.

Baba ya dire tukunyar a ƙasa ya wuce ni da saurin da ban san yana da shi ba. Na bi shi. Bai sami sararin tare ƙofa ba, sai ga ni a cikin ɗakin da rabona da shi tun Inna na kan ƙafafunta.

Ta zame daga kan matashi, ta karkace zuwa bakin gado, hannu ɗaya na lilo. Rabin jikinta ba ya motsi, bakinta ya ja gefe. Matar da na sani mai jiki, mai son kwalli da turare, ta koma 'yar mitsitsiya a cikin zani. Ya sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta ya ɗago ta, ya gyara matashin, ya goge mata baki da gefen tawul, duk cikin gwaninta irin ta wanda ya saba. Ɗakin fes, ko ƙura babu. Kan gadon yana manne da bangon da injin ke jingine.

Ya ba ni baya yana maganar. Ya ce in injin na aiki ba ya jin ta. Wata rana yana banɗaki ta zame har ƙasa, ta yi ta kira injin na ruri, sai da ya dawo ya tarar da ita kwance a kan siminti. Tun ranar, ko kicin zai shiga sai ya kashe. Gadon kuma ba inda za a matsar da shi, ɗakin ke nan.

Amma haushi bai sake ni ba, don haka na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Bakina ya so ya ci gaba, ya ce ai mu ba dabbobi ba ne, ai da an san yadda aka yi. Na danne shi da ƙyar. Na jira, kumfa na bushewa a hannuna tana ja mini fata. Ya daɗe kafin ya ce ita ce ba ta so a gan ta haka, ta roƙe shi, shi kuma ya yi mata alkawari. In ya faɗi dalili za a zo, in an zo za a gani. Ya gwammace a kira shi mugu. Ya ce in gaya wa maigidana ya yi wayarsa, za su nemi wani wurin.

Inna ta motsa hannunta mai lafiya. Na matsa na durƙusa, don sai ka kai kunne kake jin ta, kuma kalmomin ɗaya bayan ɗaya suke fita.

"Mai gyaran gashi ce?"

Na ce ni ce, Inna, ya jiki.

"Na san muryarki. In ya kashe injin duk ina jin ku. Kin fi kowa."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fara kame-kame ina neman ba da haƙuri, ta ɗan matse mini yatsa.

"Bar shi. Ko zagin ne, muryar mutane ce. Har jira nake."

Idona ya sauka a kanta. Ɗankwalin ya zame, gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule, an kama shi gida-gida da zare an ɗaure. Kitson direban babbar mota ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. A nan ne hawaye suka zo mini, kuma haushin kaina ya kama ni da suka zo, domin Baba ya juyo ya gani ya ɗaure fuska.

Na share ido na ce ba shi nake tambaya ba, Inna nake tambaya: me take so a gaya wa mutanen sama? Na sake jira. Ta kalli mijinta, ya kalli bango. Ta ce a gaya musu, ta gaji da ɓuya, kuma ba za ta bar ɗakin nan a kan wani inji ba. Baba ya yi ajiyar zuciya mai nauyi. Ya ce shi sharaɗinsa ɗaya, kar wanda ya zo masa da fuskar tausayi, mai shigowa ya shigo kamar mutum.

Sai da na hau bene na tuna da matar da na bari da kumfa. Na tarar maigidana ya kawo mata bokiti daga kicin yana tsaye daga bakin ƙofa, yana gaya mata ya ji kamar idonta na mata zafi. Na ja shi gefe na ce kar ya kuskura ya taɓa wayar nan. Na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, kuma a karon farko ban ji haushin hakan ba. Da na gama ya tambaye ni yadda aka yi Baba ya buɗe baki. Na ce tambaya na yi na yi shiru. Na ga murmushi na neman fitowa a fuskarsa, na ce in ya bari ya fito to yau ya nemi mai dafa masa abinci.

Ya so ya sake jera kujeru, na ce ko kusa. Ƙofa-ƙofa muka bi. Mai lantarki ya shafa kai ya ce shi da ya sa kwaɗo, da wane ido zai kalli tsohon. Ya ce injin ba ya matsuwa saboda bututu, amma zai iya ja wa Inna ƙararrawa, maɓallin a ƙarƙashin hannunta, ƙarar a kicin da kan bene. Ma'aikaciyar jinya ta hau faɗa, wai ga ta a gida ɗaya da mai shanyewar jiki an ɓoye mata, alhali akwai motsa gaɓoɓin da ya kamata a ce ana yi tuntuni. Tana faɗan tana neman takalminta.

Matar tela ce ta ƙi. Ta ce ita ma tana da nata, jariri ba ya barci, miji ba ya taimako, wa ya taɓa tambayarta? Ciwon matarsa bai ba shi izinin wulaƙanta mutane ba, a yi waya kawai. Na buɗe baki zan ba ta amsa daidai da ita, maigidana ya taka mini ƙafa. Ya bar ta ta yi ta yi, ta faɗi na Baba, ta faɗi na tela, ta faɗi na uwar mijinta, har ta rasa na faɗa ta zauna a bakin gado. Ya ce mata, ba da fuskar likitan nan ba, gaskiya ta gaji, kuma ba wanda ya lura. Ta ci gaba da jijjiga yaron. Can ta ce ita ba ta yafe ba tukuna, amma kar a kore su da sunanta. Da safe in za ta yi wanki za ta iya yi a bakin tagar Inna, tunda dai wankin ba ƙarewa yake ba.

Maigidana ya kira wakilin ya ce a sabunta, ba mai tashi. Wakilin ya ce mu dai mutanen gidan nan ba a gane mana. Aka tsayar cewa kafin a ja ƙararrawar, duk mai son ruwa mai yawa ya fara turo wani ya zauna da Inna, sannan a kunna.

Da yamma na sauka da mataji da man kitso da almakashi, don wani wurin sai an yanke. Na kunna injin da hannuna, na shiga na zauna a bakin gado, na ɗora kan Inna a cinyata. Baba ya tsaya a kanmu, ya gyara matashin da ba ya bukatar gyara, ya ce in bi a hankali ta wajen ƙeya. Na ce na fi shi sanin kai. Na dubi nasa kan da gemun da suka yi buzu-buzu, na ce aikin nan zai ɗauki lokaci, ya je wurin mai aski, ba na son mai tsaya mini a ka.

Ya ce ba ya nisa. Na ce mai askin yana bakin titi. Inna ta ɗaga yatsa ta nuna masa ƙofa.

Ya sa hula, ya cire, ya sake sawa. Ya fita. Ban kai ga warware ƙulli na farko ba sai ga inuwarsa a labule.

"Ta kira?"

"Ba ta kira ba, Baba. Ga ta a hannuna. Je ka."

Ta taga nake hango shi. Ya wuce kejin injin yana ta rurinsa, hannunsa ya ɗan ɗaga wajen makunnin ya mayar da shi aljihu, ya tsallake tsakar gida. Ya buɗe ƙofar gida ya tsaya a kan dakali, motoci na wucewa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya daɗe a tsaye. Sai da wani mai wucewa ya nuna masa da hannu, domin mai askin ya tashi daga inda ya san shi tun bara.